Usur a Baki, Bulala a Hannu

Ɗan'uwana mai karatu, ina roƙonka ka ɗora wannan littafi a kan gwiwarka na ɗan lokaci, ka tuna da filin ƙwallon da ya fi kusa da gidanka. Wataƙila na makarantar firamare ne, wataƙila fegin nan ne na bayan majami'a, inda aka kafa sanduna biyu aka ɗaura igiya a samansu. Ka san yadda yake ranar Asabar da la'asar sakaliya. Ƙura ta turnuƙe, yara fiye da 20 suna bin ƙwallo ɗaya, rabinsu ba takalmi, ga kuma mutum guda tsaye a bakin layi da usur rataye a wuya. Shi ne koci. Ba a biyansa ko sisi, sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan leda. Saboda haka ba mai iya ɗaga ido ya dube shi, balle ya ce masa ya yi ba daidai ba. Ni kuwa yau da shi nake, da kai kuma da kake tsayawa a gefensa kana dariya.

A irin wannan fili na taɓa ganin wani yaro, bai wuce shekara 12 ba, yana tsaron gida. Ƙwallo ta taho ta ƙasa a hankali, irin wadda tsohuwa ma za ta tare da bakin zani, sai ta sulale ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Koci ya hura usur, ya tsayar da wasa, ya kira shi tsakiyar fili. Ya yi masa daƙuwa da hannu biyu, ya ambaci uwarsa da kalmar da ba zan sa a takarda ba, ya karyo reshen darbejiya ya zuba masa uku a ƙwauri, sa'an nan ya ce ya zagaya filin da tsallen kwaɗo. Muka yi dariya. Na ce "muka", gama ina cikinsu. Da aka tashi, na ji wani dattijo yana yaba wa kocin, yana cewa ai haka ake yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan maganar dattijon ita nake so mu tsaya a kanta, domin ba shi kaɗai yake da ita ba. Ta zama kamar doka a bakin iyaye da malamai da masu kallo: wai ɗan wasa ba ya yin ƙwazo sai an ci mutuncinsa, wai tsoro shi ne man da yake tuƙa ƙafa. Ni na ce ƙarya ce. Ƙarya ce mai tsada kuma, 'ya'yanmu ne suke biyan kuɗinta.

Amma kada in yi wa kocin rashin adalci. In ka zaunar da shi ka tambaye shi, ba zai ce maka mugunta ce take sa shi ba. Zai ce ya gwada ya gani. Zai ce, "Ranar da na yabi yaro, kashegari sai ya lalace. Ranar da na zage shi, kashegari sai ya gyaru. Da idona nake gani, ba labari aka ba ni ba." Abin mamaki kuwa, gaskiya ya faɗa game da abin da idonsa ya gani. Inda ya ɓata shi ne wurin fassara.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Kahneman, wanda ya karɓi lambar Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 2002. Tun yana matashin malami aka sa shi ya koyar da hafsoshin da suke horar da matuƙan jiragen yaƙi a rundunar sojan sama ta Isra'ila. Ya gaya musu cewa lada a kan aikin kirki ya fi horo a kan kuskure amfani wajen koyarwa. Sai wani gogaggen hafsa ya miƙe ya musa masa, da hujja irin ta kocinmu sak: duk ɗalibin da ya yaba wa saboda ya juya jirgi da kyau, a karo na biyu yakan yi ƙasa da haka; duk wanda ya daka wa tsawa saboda ya ɓata, a karo na biyu yakan fi kyautatawa. Kahneman bai tsaya gardama ba. Ya zana alama a ƙasa da alli, ya sa kowane hafsa ya juya mata baya ya jefa kwabo sau biyu, aka auna nisan kowace jifa daga alamar. Ba wanda aka yaba wa, ba wanda aka zaga. Duk da haka yawancin waɗanda jifarsu ta fari ta fi kusa, ta biyun ta yi nisa. Yawancin waɗanda ta farinsu ta fi nisa, ta biyun ta matso.

Ka gane abin da ya faru? Kowane mutum yana da matsayin da ya saba tsayawa a aikinsa. Wata rana yakan haura shi, wata rana yakan faɗo ƙasa da shi, amma kullum can yake komawa. Yaushe koci yake yabo? Ranar da yaro ya yi abin da ya fi ƙarfin al'adarsa. Me zai biyo baya? Komawa ƙasa, ko an yaba ko ba a yaba ba. Yaushe yake zagi? Ranar da yaro ya yi mafi munin wasansa. Me zai biyo baya? Komawa sama, ko an zaga ko an yi shiru. Mai tsaron gidan nan da ƙwallo ta bi ta ƙafafunsa, ai ba kullum take bi ba. Mako mai zuwa zai kama irinta, ko da ba a taɓa lafiyarsa ba. Amma da yake an doke shi, sai reshen darbejiya ya karɓi yabon. Haka mutum zai shekara 20 yana zagi yana ganin "amfani", alhali kuwa kamar zakara ne da ya ɗauka cararsa ce take fito da rana.

Na san abin da za ka kawo mini yanzu, gama na sha jinsa a gidan kallon ƙwallo. Za ka ce, to Alex Ferguson fa? Ashe ba shi ne yake manna fuskarsa a ta ɗan wasa yana ihu har 'yan jarida suka kwatanta abin da na'urar busar da gashi ba? Ashe ba shi ne a watan Fabrairu na 2003, bayan Arsenal ta fitar da Manchester United daga gasar kofin FA, ya shuri takalmi a ɗakin sauya kaya ya sami David Beckham a saman ido ba? Ga shi kuwa ya ci gasar Firimiya sau 13. Duk gaskiya ne. Sai dai ka ɗauki minti biyar na fushi ka bar shekara 26 na aiki. Mutumin nan yakan riga kusan kowa zuwa filin horo. Ya san yaran makarantar kulob ɗin da sunayensu, yakan je har gidajen iyayensu. Cristiano Ronaldo ya sha faɗa da bakinsa cewa lokacin da mahaifinsa yake kwance a asibiti, Ferguson ya ba shi izini ya bar wasa ya tafi ya dubo shi. Da ya yi ritaya a 2013 masana na jami'ar Harvard suka tambaye shi sirrin aikinsa, cikin abin da ya gaya musu har da cewa mutane kaɗan ne suka suke gyaruwa da ita, yawanci ƙarfafawa suke amsawa, kuma ba abin da ya fi daɗi a kunnen ɗan wasa kamar a ce masa ya yi da kyau. Ka kuma tuna da waɗanda yake yi wa ihun: manyan maza ne masu albashin miliyoyi, masu wakilai da lauyoyi, waɗanda in sun gaji za su iya tattara kayansu. Beckham ma bai ƙara kaka a can ba, a wannan shekarar ya koma Real Madrid. Yaron unguwarku kuwa ina zai koma? Kocinmu ya kwaikwayi ihun Ferguson domin shi ne mai arha. Tashin asuba da sanin iyayen yara ya bar wa mai shi.

Bari in kai ka Amurka, inda jiha ɗaya ta haɗa labarin mutum biyu da za su raba mana gardama. Wasansu ƙwallon kwando ne na jami'o'i, wanda a can ake ɗaukarsa da zafi kamar yadda muke ɗaukar tamola.

Na farko shi ne Bob Knight, kocin jami'ar Indiana daga 1971 zuwa 2000. Gwani ne, ba mai musu. Ya ci kofin ƙasa sau uku, a 1976 da 1981 da 1987, a 1976 ɗin ma ba a ci ƙungiyarsa ko sau ɗaya ba. Amma in ka ambaci sunansa yau, abin da yake fara zuwa zuciyar mutane kujera ce: wadda ya ɗauka ya wurga tsakiyar fili a 1985, ana tsakiyar wasa da jami'ar Purdue, don ya ji haushin alƙali. A shekarar 2000 gidan talabijin ya nuna wani hoton bidiyo na 1997, inda aka ga ya kai hannu maƙogwaron ɗan wasansa a lokacin horo. Jami'a ta yi masa gargaɗin ƙarshe, bai wuce 'yan watanni ba ya damƙi hannun wani ɗalibi, aka sallame shi. Shekaru kusan 30 ana rufa masa asiri saboda yana kawo kofi. Wannan ita ce cutar: muddin ana cin wasa, kowa makaho ne.

Na biyu shi ne John Wooden, haifaffen jihar Indiana ɗin, wanda ma a Purdue ya yi wasa yana saurayi. Malamin Turanci ne na sakandare kafin ya zama kocin jami'ar UCLA a 1948. Sai da ya yi shekara 15 a can bai ci kofin ƙasa ba. Daga 1964 zuwa 1975 kuwa ya ci 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, har ƙungiyarsa ta taɓa yin wasa 88 a jere ba a doke ta ba. Ba kocin da ya kama ƙafarsa a wannan gasa ta maza har yau. 'Yan wasansa, irin su Kareem Abdul-Jabbar da Bill Walton, sun shaida ba ya ashar, ya kuma haramta musu ita, ya haramta wa ɗan wasa ya kushe ɗan'uwansa.

To, a nan ne nake so ka buɗe kunne, domin in na tsaya a haka za ka ɗauka wa'azin lallashi nake yi, wai koci ya riƙa shafa kan yara yana ce musu "madalla" ko sun zuba ƙwallo a ragarsu. Ba haka ba ne, Wooden ɗin ma ba haka ya yi ba. A kakar wasansa ta ƙarshe, 1974 zuwa 1975, masana biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, suka nemi izini suka riƙa zama a bakin fili suna rubuta duk abin da ya faɗa ko ya nuna a lokacin horo. Suka tara guda 2,326. Sun zo da zaton za su ji yabo yana zuba kamar ruwan Agusta. Da suka lissafa, yabo bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Faɗa ma bai kai kashi 7 ba. Kimanin rabin dukan abin da ya fito daga bakinsa bayani ne tsagwaro: sa ƙafarka nan, ɗaga gwiwar hannu, miƙa ƙwallo daga ƙirji, juya ta hagu. Gajerun kalmomi, cikin 'yan daƙiƙu, wasa bai tsaya ba. In ɗan wasa ya yi kuskure, yakan nuna masa yadda ake yi, ya nuna masa yadda shi ya yi, ya sāke nuna masa yadda ake yi, a wuce.

Ka duba bambancin da kyau. Kocinmu ya ce wa yaro, "Kai jaki ne." Me yaron ya ƙaru da shi? Ya koma tsakanin sanduna da ƙwauri mai zafi da zuciya mai ɗaci, bai kuwa san abin da zai yi dabam ba. Da ya ce masa, "In ta zo ta ƙasa, durƙusa da gwiwa ɗaya, ka rufe tsakanin ƙafafunka, ka sa jikinka a bayanta," da ya ba shi abin da zai riƙe har tsufa. Na daɗe ina lura, na kuma ga cewa yawancin zagin da ake yi a bakin fili mayafin jahilci ne. Mutum bai san gyaran ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya yi shiru ba, sai ya cika wurin da ashar. Zagi ba ya bukatar shiri. Wooden kuwa yakan zauna da mataimakansa kowace safiya, wajen awa biyu, suna tsara horon yamma minti bi minti a kan 'yan ƙananan katuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da yake yi ranar farko ta kowace kaka wanda har yanzu ake labarinsa. Yakan tara samarin nan, zaratan da jami'o'i suka yi rububinsu, ya zaunar da su ya koya musu sa safa. A ja ta sosai, a lallatsa wajen yatsu da diddige kada a bar ko ƙanƙanin tattara, sa'an nan a ɗaure igiyar takalmi daga ƙasa zuwa sama. Dalilinsa shi ne tattarar safa tana kawo bororo, bororo yana hana gudu, rashin gudu yana jawo a sha kashi. Waɗansu sukan yi dariya a ɓoye. Amma ka yi tunani a kan abin da saurayi yake ji a ransa sa'ad da dattijo mai kofuna ya sunkuya yana duba masa diddige. Ya san wannan mutum ya damu da ƙafarsa tun kafin ƙafar ta ci masa wani wasa. Daga nan ne ƙwazo yake tsirowa, irin wanda ba ya bushewa in koci ya juya baya.

Kada kuma ka ɗauka sakaci ne da shi. Bill Walton, wanda a lokacin ya fi kowa a ƙasar, ya ba da labarin ranar da ya zo da gashi buzu-buzu ya ce haƙƙinsa ne ya bar shi. Wooden bai ɗaga murya ba. Ya ce masa yana girmama mai tsayawa a kan ra'ayinsa, kuma za su yi kewarsa. Walton ya hau keke ya nufi wurin aski. Benci ya ishi koci makami, in dai yaran suna son wasan. Shekaru bayan binciken nan, da masanan suka koma suka tambaye shi batun ƙarancin yabo, ya bayyana musu cewa yawancin yabonsa yakan ajiye shi ne domin waɗanda ba su cika shiga wasa ba, tun da taurari suna samun nasu a jarida da bakin jama'a. Mu kuwa a filayenmu akasin haka muke yi. Mai cin ƙwallo a ɗaga shi sama, mai zaman benci a aike shi ɗebo ruwa.

Yanzu bari mu ƙirga waɗanda ba a ƙirgawa. Duk mai kare bulala yakan nuna maka yaro ɗaya da ya jure ya zama wani abu, ya ce ga shaida. Ba ya nuna maka goman da suka daina zuwa. Masana biyu na jami'ar Washington, Ronald Smith da Frank Smoll, sun shafe shekaru suna nazarin kociyoyin ƙananan yara. A wani bincike da aka buga a 1992, an ɗauki waɗansu kociyoyin wasan besbol aka yi musu ɗan gajeren horo: su yaba ƙoƙari, su bi kuskure da gyara da ƙarfafawa, su bar horon wulaƙanci. Waɗansu kuma aka bar su yadda suka saba. Da shekara ta kewayo, cikin yaran rukuni na farko kashi 5 cikin 100 ne suka bar wasa, cikin na biyu kuwa kashi 26. Wajen yawan cin wasa, ba wani bambancin kirki tsakanin rukunan biyu. Wato zafin bai ƙara ko kofi ɗaya ba, ya dai kori yaro ɗaya cikin huɗu.

Barin wasa ma sauƙi ne. A birnin Osaka na ƙasar Japan, a watan Disamba na 2012, wani ɗalibi ɗan shekara 17, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar sakandaren Sakuranomiya, ya kashe kansa bayan kocinsa ya sha marinsa. Kocin ya amsa ya mare shi, ya ce don ya zaburar da shi ne. Kotu ta same shi da laifi. Wata guda bayan haka aka ji cewa mata 15 na ƙungiyar judo ta ƙasar sun kai ƙarar babban kocinsu saboda duka da cin zarafi, ya kuwa ajiye aiki. A Amurka, Mary Cain, yarinyar da tun tana shekara 17 ake ganin za ta gagari duniya a tsere, ta fito a 2019 ta faɗi yadda aka matsa mata ta rage nauyi, ana auna ta ana kunyata ta a gaban abokan gudunta, har ƙasusuwanta biyar suka karye, har ta kai tana yi wa kanta rauni. Waɗannan ƙasashe ne masu likitocin wasanni da hukumomin kai ƙara. Mu da ba mu da ko akwatin magani a bakin fili, wa yake jin kukan namu? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi da naka.

Wani zai ce wannan duk tarbiyyar Turawa ce, mu ba haka muka gāda ba. Ni kuwa na ce shi ne bai san gadonsa ba. Je ka filin dambe, je ka fagen kokawa, ko a Sakkwato ko a Tawa. Me makaɗi yake yi sa'ad da ɗan wasa zai fito? Kiransa yake yi da mafi girman sunansa. Yana tuna masa uban gidansa, da garinsu, da mazan da ya kayar, har jikinsa ya ɗauki tsuma. Sunan Shago bai kai ko'ina ba sai tare da muryar Ɗan Anace. A gayya ma haka: mai gangar noma yana bin bayan manomi yana wasa shi, sai ka ga kunya ta ƙare ba a sani ba. Kakanninmu sun riga sun gane cewa mutum yakan miƙe ya cika sunan da aka kira shi da shi. In haka ne, sai ka tambayi kanka wane suna yaron nan zai cika, shi da ake kira sakarai sau goma kowace Asabar. Ba na ce kirari ba shi da nasa haɗari. Zuga takan tura mutum ya shiga abin da ya fi ƙarfinsa, makaɗi ya koma gida da kuɗi, ɗan dambe ya koma da haƙora a hannu. Shi ya sa na ce ƙarfafawar gaske sai ta haɗu da koyarwa, mai yinta kuma ya zama zai raba asara da kai.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Ka tuna 2013. Sa'ad da Stephen Keshi ya ɗebi 'yan wasan cikin gida ya sa su a tawagar gasar cin kofin Afirka, ya bar waɗansu masu manyan sunaye, surutu bai bar shi ya sha ruwa ba. Cikinsu akwai Sunday Mba, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Keshi ya ba shi riga a manyan wasanni, ya bar shi a fili. Shi ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, su Drogba da Yaya Toure, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. Shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso a Johannesburg, Nijeriya ta ɗauki kofin da ta shekara 19 tana nema. Ba kalmar da koci zai faɗa wa ɗan wasa da ta kai ya rubuta sunansa a takardar masu farawa alhali duniya tana cewa bai isa ba.

Na dawo gare ka, mai karatu, gama tun farko na ce da kai nake. Wataƙila ba ka taɓa riƙe usur ba. Amma kai ne uban da yake tambayar ɗansa "kun ci?" tun bai cire takalmi ba, ba ka taɓa tambayarsa abin da ya koya ba. Ke ce uwar da ta ga shatar bulala a ƙafar ɗanta ta ce ai shi ya jawo. Mu ne dattawan da muke ba da fili da riguna, muna karɓar kofi a gaban jama'a muna tafi, ba mu taɓa zuwa ranar horo mu ji irin kalmomin da aka saye kofin da su ba. Bakin da ba za mu yarda a buɗe shi a zauren gidanmu ba, mun sakar masa 'ya'yanmu awa biyu kowane mako don kawai mai shi ba ya karɓar albashi. Aikin sa kai ba lasisin zagin uwar wani ba ne. Kuma abin ba ya tsayawa a fili. Harbi ga ɗan jaki gado ne: yaron da aka koya masa cewa haka manya suke gyara na ƙasa da su, da wannan hannun zai riƙe ƙannensa, da shi zai riƙe aji in ya zama malami, da shi zai riƙe matarsa.

Ba na neman a kori kowa. Yawancin mutanen nan suna ƙaunar yaran, abin da aka yi musu ne suke maimaitawa, ba su taɓa ganin wata hanya ba. Abin da nake nema kaɗan ne, ba ya kuma cin kuɗi. Ka je filin ranar da ba gasa. Ka tsaya inda zai gan ka. In ya ɗaga reshe ko ya buɗe baki da ashar, kada ka yi dariya. Wannan kaɗai zai ji shi a jikinsa. In an tashi, ka ja shi gefe, ban da gaban yara, ka gode masa a kan wahalarsa, sa'an nan ka tambaye shi abin da yaron ya kamata ya yi da ƙafarsa ko hannunsa a wancan lokacin. In ya sani, ka roƙe shi ya faɗa wa yaron haka. In bai sani ba, ku nemo wanda ya sani; kusan kowane gari yana da tsohon ɗan wasa ko malamin motsa jiki da yake zaune ba wanda ya tambaye shi komai. Masu ba da fili kuma su sa sharaɗi tun farko, a faɗa a gaban iyaye: ba duka, ba zagin iyaye, kowane yaron da ya zo horo zai taɓa ƙwallo ranar wasa.

Mai tsaron gidan nan ban ƙara ganinsa a fili ba. Bayan wajen shekara biyu na gamu da shi a bakin kasuwa yana taya wani facin taya, ya yi tsawo, hannuwansa manya, irin waɗanda ake nema a tsakanin sanduna. Na tambaye shi ko yana buga ƙwallo har yanzu. Ya ce a'a, Baba, ai ni ban iya ba. Ya faɗe shi ba tare da fushi ba, kamar mai faɗin sunan garinsu. Ya duƙa ya ci gaba da neman hujin tayar a cikin ruwa, ni kuma na tsaya riƙe da babur ɗina, ina tuna cewa ranar nan har da muryata a cikin dariyar.